Tabon da Malam Maitama Ya Gani a Rana

Duk Shinkafi babu mai gaya wa Malam Maitama magana son ransa sai jikarsa Rumaisa'u. Dattawa masu furfura durƙusawa suke yi a ƙofar zaurensa, ita kuwa sai ta faɗo ciki ta ce masa tsoho mai cinye tuwon mutane, shi kuma ya ce ya sake ta, ta kwashe kayanta, zai auro wadda ta iya miya. Wasan jika da kaka ne, ba mai shiga tsakani.

Rumaisa'u malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Ƙauran Namoda, kuma a shekarar nan rana ta ɗauke mata hankali, ba ta da zance sai nata. Da ta zo gida hutun ƙarshen mako, ta taho da wani tabarau na kwali mai baƙar leda ta musamman, irin wanda ake duban rana da shi ba tare da ido ya cutu ba. Matan gida suka yi ta karɓa suna dubawa suna salati.

Malam yana zaure da alƙalami da tawada, yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa, aikin da ya ɗauke shi shekaru, saura izu kaɗan ya kammala. Idonsa na hagu yanar ido ta rufe shi tuntuni, da na dama kaɗai yake aiki. Ta miƙa masa tabaran, ta ce ya fito ya ga tabon da ya fito wa rana.

Bai ko ɗago ba ya ce, "Boko dai ya taɓa ki. Tun da nike ban taɓa jin an ce rana ta yi ƙyasbi ba."

Ta zauna ta zuba masa bayani kamar tana gaban allo. Ta ce rana dunƙulen iska ce mai tafasa, can tsakiyarta zafin yake samuwa, ya yi ta tasowa har ya kai fuskarta. Inda maganaɗisunta ya cukurkuɗe, zafin ba ya samun fitowa sosai, sai wurin ya yi duhu. Kusan duk shekara goma sha ɗaya takan yi irin wannan tashin, bana kuwa ta fitar da tabon da ya ninka duniya girma. Ta ƙara da cewa ranar juyawa take yi, don haka tabon tafiya yake, bayan 'yan kwanaki zai kai gefe ya wuce.

"Ni za ki koya ma rana?" in ji Malam. "Shekarar da anka yi husuhi kina goye. Da hantsi duhu yar ruhe garin ga, kaji sunka shiga akurki. Ni da kaina nit turara gilashi da hayaƙin aci-balbal nid duba, nig ga hwarin rawani kewaye da ita. Ba ni bukatar kwalinki."

Nan ne ya kamata ta tsaya. Ita ce fa take gaya wa ɗalibanta, har sun gaji da ji, cewa gilashi mai hayaƙi yana rage hasken da ido ke ji ne kawai, abin da ke ƙona ido yana wucewa abinsa. Maganar ta zo mata har baki. Amma wasa ya yi daɗi, ga gwaggonta Kulsumu tana dariya daga soro, kuma Rumaisa'u ba ta son tsohon ya ci ta.

"Hwaɗi gaskiya dai, angona, tsoro kaka ji," ta ce. "Idon naka ya tsuhwa, ko raƙumi anka ɗora ma rana ba ka ganin shi."

Malam ya yi murmushi ya tsoma alƙalami a tawada. Washegari ta saka tabaranta a jaka ta hau mota ta koma Ƙaura.

A tsakiyar mako Gwaggo Kulsumu ta kira ta a waya. Ta ce Malam ya daina rubutu, yana cewa baƙaƙen suna ɓace masa, in ya dubi layi sai ya ga farko da ƙarshe, tsakiya babu. An tambaye shi ko wani abu ya faɗa masa a ido, ya ce tsufa ne. Tun kafin gwaggon ta rufe baki Rumaisa'u ta san ba tsufa ba ne.

Ita ta raka shi asibitin ido tare da kawunta Tijjani. Likita ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce can bayan idon ne ya ƙone, daidai wurin da ake karatu da shi. Ya tambaya ko Malam ya kalli walda ko rana. Malam ya ce shi dai tsoho ne. Likita ya ce wani yakan samu sauƙi cikin watanni, wani kuma haka yake zama da shi, babu maganin da zai yi alkawari a kansa. Rumaisa'u tana tsaye a bayan kujera, cike da kunya da baƙin ciki.

Da suka dawo gida, ta shiga zaure don ta kawar masa da kayan rubutu. A bayan tulun tawada ta ga guntun gilashin taga, gefe ɗaya baƙi ƙirin da hayaƙi, har da sawun babban yatsansa. Ga takardar da ya tsaya a kai, rabin shafi a rubuce, rabi fari.

Malam ya shigo yana laluben buzunsa da ƙafa. Ya ji shessheƙarta, ya gane ta ga gilashin.

"Aje shi inda kig gane shi, kuma kar ki hwaɗa ma kowa. Ni nid duba, ba wanda yar riƙe min kai."

"Na san gilashin ga ba ya tsare ido, Malam. Na sani tun sa'ad da kaka magana, niy yi shiru."

Rabonta da ta kira shi Malam tun tana ƙarama. Ya zauna.

"To, kin ci ni, amarya. Akwai tabon. Na daɗe ina nema kahin in gane shi, ɗan baƙi ƙasa-ƙasa, awa ƙwayar gero." Ya ɗan yi dariya, ita ba ta taya shi ba. Ya juyo gare ta, sai ya karkatar da kai gefe, domin in ya dube ta kai tsaye tabon ne yake rufe fuskarta.

"Kin ce na rana tahiya shikai, 'yan kwanakki shi wuce," ya ce, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa. "Wanga hwa da ac cikin idona, ke da kike da ilimin abin, yaushe za shi wuce? Saura izu huɗu gare ni."

Rumaisa'u, wadda ba a taɓa yi mata tambaya kan rana ta rasa amsa ba, ta sunkuyar da kai tana kallon farin rabin shafin. Shi kuma yana nan da kai a karkace, yana jiran ta.