Shekarar Sabon Takalmi

"Ba zan sha ba," in ji Inuwa, ya kau da kai daga kwanon kunun. "Sai Zarami ya zo."

'Yarsa Ummussalma ta dube ni, idonta ya ciko. Tun da asibiti suka sallamo shi suka ce a koma gida a yi ta addu'a, maganarsa ke nan safe da yamma.

Na ce, "Inuwa, ka ji tsoron Allah. Mutum yana wannan hali, bai ce a kira malami ba, sai ɗan ƙwallo?"

"Malam Ja'afar, wa'azi ai ga ka nan, ba ka taɓa bari na rasa ba. Kyaftin nake so."

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a nan Haɗeja, tun ba mu yi furfura ba. Ni ban yi boko ba, kifi na sani, in yi banda in sayar. Ƙwallo kuwa a ganina gudu ne ba wanda ya kore ka. Shi ko Inuwa, gola ne na kwalejin horon malamai, a shekarun bayan yaƙin basasa. Akwai wata shekara da ba wanda ya ci su, har suka ɗauko kofi. Duk 'yan wasan nan sun riga mu gidan gaskiya, saura shi da kyaftin ɗinsu Zarami, can wani ƙauye bayan Baturiya. Ga shi kogi ya yi ambaliya ya yanke hanya. Ummussalma ta buga waya, 'ya'yan Zarami suka ce ba za su saka tsoho a kwalekwale ba.

Na ga numfashin mutumin nan kullum raguwa yake. Sai na ɗauki sandata na sauka bakin kogi wurin Gana, masuncin da na daɗe ina sayen kifinsa.

"Gana, za ka ratsa ciyawar kacalla da kwalekwalenka ka ɗauko min wani tsoho."

"Baba, ruwan nan fa ya yi ƙarfi."

"Ban tambaye ka labarin ruwa ba. Ka ce wa 'ya'yansa ni na aiko ka, kuma in uban ya ji an ɓoye masa, su da shi."

Laraba ta wuce shiru. Alhamis da azahar Inuwa ya daina amsa sallama. Ummussalma tana ta leƙa ƙofa, ni kuwa ina zaune gefensa da carbi, ina cewa a raina na wahalar da tsohon mutane a banza.

Bayan la'asar sai muka ji murya daga zaure, irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi.

"Ina golan nan mai hannu kamar rariya?"

Inuwa ya buɗe ido. "Ku tashe ni zaune. Kurman nan ya iso."

Zarami ya shigo, dogo, wando jiƙe har gwiwa, da ƙullin ƙwan zabi a hannu. Ya tsaya ya kalli abokinsa.

"Haka ka koma? Wa zai ba ka raga yanzu?"

"Ko a kwance ba za ka ci ni ba."

Ba su yi wata doguwar gaisuwa ba, suka faɗa cikin waccan shekara. Labarin na sha ji ta kan katanga, amma ban taɓa jin sa da baki biyu ba. Wai a farkon kakar wasa shugaban kwaleji ya sayo musu takalman ƙwallo daga Kano, karo na farko. Yara suka taru suka yanke shawara: wa ya taɓa saka kayan Sallah kafin Sallah? Suka kulle su a akwati. Suka ci mutanen Gumel da ƙafa tsirara, suka ci na Kazaure, suka ci kowa. Ranar wasan ƙarshe da wata kwaleji ta Kano, sannan aka buɗe akwati, kowa ya shafa wa nasa man kaɗe ya zura.

"Ummu, ba ki ga abu ba," in ji Zarami. "Ƙafafun da suka saba laka da ƙaya, masu faɗi kamar faranti. Muka fito muna tafiya kamar agwagi, gari yana ta tafi."

"Kafin hutu an zura mana biyu," in ji Inuwa. "Kowa ƙafa ta yi bororo."

"An zura maka biyu. Da hutu na zauna na tuɓe nawa, yara suka bi."

"Ƙarya! Ni na fara cirewa, na wurga bayan raga."

"Kai? Da igiyarka ta ƙi kwancewa sai da aka sa reza?"

Inuwa ya yi dariya har tari ya kama shi. Ummussalma ta miƙa masa kwanon kunun don ya jiƙa maƙogwaro, ya kurɓa, ya sake kurɓa, yana ta musu bai san ya shanye ba. A wasan dai, bayan hutu uku suka rama, ta ukun Zarami ya ci da babban yatsa. Ni da na rantse ba ruwana da shirme, sai na ji bakina yana cewa, "To shi shugaban naku me ya ce?"

"Ka ji Malam ya shigo fili!" in ji Inuwa. "Ya ce a mayar da su akwati sai baɗi."

Da dariya ta lafa, ya kama hannun Zarami.

"Kyaftin, ka yafe min ƙwallaye biyun nan."

"Ta farko na yafe. Ta biyu ta tsakanin ƙafafunka ta bi, sai na yi shawara."

"Yi da wuri."

Zarami ya sunkuyar da kai. "Na yafe, Gola. Duniya da lahira. Ni ma ka yafe min."

Inuwa ya wuni ranar Juma'a cikin nishaɗi, har ya ci dafaffen ƙwan zabi. Asabar da hantsi ya cika, Zarami yana laƙƙana masa kalmar shahada da wannan babbar murya tasa, har masu wucewa a layi suna amsawa. Allah ya jiƙan Inuwa.

A ƙofar gida aka yi masa salla. Kafin liman ya tayar, Zarami ya bi sahu da sandarsa, yana tura wannan gaba, yana jawo wancan baya. Ya zo kaina ya tsaya.

"Malam Ja'afar, matsa hagu. Ga giɓi nan ka bari."

Na matsa. Ya shiga gefena, kafaɗarsa ta taɓa tawa, liman ya yi kabbara.