Masarar Munson

A tsakiyar watan Yuni aka wayi gari gonar Asahel Munson ta yi fari fat da ƙanƙara, kamar an shimfiɗa mata likkafani. Tsohon ya dogara sandarsa ya fito, ya tsaya bakin shinge yana kallo. Da rana ta ɗaga ƙanƙarar ta narke, sai masarar da jiya take tsaye kore shar ta kwanta baƙa ƙirin.

Ɗansa Rufus ya tsuguna ya murza ganye ɗaya, ganyen ya zama ruwa a hannunsa.

"Baba, ka taɓa ganin irin wannan?"

"Na taɓa ganin gona ta yi baƙi haka," in ji tsohon. "Amma ba sanyi ne ya yi ba."

Suka sake shuka, sanyi ya dawo a Yuli ya kwashe. Suka sake, ya dawo a Agusta. Shekarar ta ƙare ba wanda ya ga lokacin zafi a duk kwarin kogin Genesee. Aka yanka aladu tun ba su yi ƙiba ba, don babu abin ba su. Aka ci dankali har ya ƙare, aka koma kan dusa. Kafin hunturu ya fita, yaran gidan suka fara kwana da kuka, Rufus ya sauko da buhun da aka ware don shuka, aka niƙa shi aka ci.

Asahel ba baƙon wahala ba ne. Ɗan wani mai ɗinkin takalma ne a Connecticut, ƙasar da duwatsu suka fi kome yabanya. Kakansa ne ya ƙetaro teku, ubansa kuwa bai taɓa nisa da garinsu ba. Da yaƙin ƙwatar kai daga Ingila ya tashi, ya bi yayansa Eben suka shiga soja, lokacin ko gemu bai tsiro masa ba. Agana ta kashe Eben a sansani, sanyi kuma ya cinye wa Asahel yatsun ƙafar hagu. Daga baya aka tura rundunarsu ƙasar Seneca, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar da suka mara wa Ingila baya, da umarnin kada a bar kome a tsaye. A wannan tafiyar ce ya fara ganin ƙasa baƙa wadda ba dutse a cikinta, da goyon masara mai tsawon kamu guda. Ƙasar ta zauna masa a rai. Da yaƙi ya ƙare ya komo mata da amaryarsa Hulda, da shanu biyu da tukunyar ƙarfe. Ya sare daji da hannunsa. Yanzu Hulda na kwance a kabari bayan gidansu tare da uku daga cikin 'ya'yansu, sauran 'ya'ya matan sun yi aure sun watse, sai Rufus da matarsa Keziah da yaransu.

Wata safiya bayan hunturu, da daskararriyar ƙasa ta fara saki, ana shan ruwan kunun dusa, Rufus ya ajiye cokali.

"Baba, Ohio zan tafi, can yamma. Akwai wanda zai sayi gonar. An ce can in ka jefa iri sai ka ja da baya, kada ya tsone maka ido."

"Haka aka ce mana a kan nan."

"To nan ta ƙi. Da me za mu shuka? Da tsakuwa?"

"Uwarka fa?"

"Inna ba ta jin yunwa, Baba. Waɗannan ne ke ji." Ya nuna yaran da haɓa.

Keziah, wadda ba ta cika sa baki in uba da ɗa na magana ba, ta ce, "Na ji a wurin niƙa wai Seneca na ƙetaren kogi sun tsira da kaɗan. Tasu masarar gajera ce, tana saurin nuna."

Rufus ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Su ba wa wa? Sai dai Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta soja ya je, ko sa tuna alherin da ya yi musu."

Keziah ta harare shi. Tsohon ya daɗe yana juya ƙoƙonsa a kan tebur.

"Kada ka sayar tukuna," ya ce. "Bari in je in dawo. In na dawo hannu rabbana, ni da kaina zan ɗaura maka shanu."

"Ni zan kora keken, Baba," in ji Keziah. "Ƙafarka ba za ta kai ka ba."

Washegari suka ɗora abin musanya a keken doki: ƙunshin gishiri, da bargon ulu da Hulda ta saƙa, da gatari sabo. Hanya duk taɓo. Mai fito ya ƙetarar da su, rana na tsaka suka shiga garin Seneca. Gidajen na gungumen itace ne kamar nasu, karnukan garin ma haƙarƙari a waje kamar nasu. Gida na farko aka ce babu. Na biyu ba a ko amsa sallama ba. A na uku wani mutum ya nuna musu wata bukka a ƙarshen gari, ya ce maganar iri sai tsohuwar can.

Keziah ta gane ta. Ita ce mai kawo kwanduna kasuwa, wadda fararen fata ke kira Lidiya. Tana zaune kusa da murhu, ƙarama, a bushe kamar kara, jikoki kewaye da ita. Sama da kanta an kitsa farar masara da ɓawonta, an rataye a jikin azara. Asahel ya cire hula, amma idonsa ya ƙi sauka daga azarar.

Keziah ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo su. Tsohuwar ba ta dube ta ba, ƙafar tsohon take kallo.

"Tsoho, sanyi ne ya ci maka ƙafa, ko karen mutane?"

"Sanyi ne. A soja."

"Wane yaƙin? Na jiya ko na shekaranjiya?"

"Na farko."

"Ka zo ƙasar nan a lokacin?"

Keziah ta yi caraf ta ce, "Iya, ga gishiri mun kawo, ga kuma bargo mai kauri."

"Ba ke na tambaya ba, 'yar nan."

Asahel ya san ƙarya ɗaya za ta ishe shi. Sojoji da yawa ba su taɓa tako yankin ba, kuma ba mai ƙaryata shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Na zo," ya ce.

"Garin da ke bakin tafki, mai gonar tuffa ta gabas?"

"Na shiga."

"Wuta aka ba ka?"

"Gatari aka ba ni. Itatuwan na sare."

Ta dubi gatarin da ya jingine bakin ƙofa. "Wannan ne?"

"A'a. Wancan ya daɗe da cinyewa."

Ta gyara itacen murhu. Da ta ci gaba da magana, muryarta ba ta tashi ba, kamar mai ba da labarin farashin kasuwa.

"Muna kan tudu muna kallonku. Kwana da kwanaki hayaƙin bai yanke ba, gari duk ƙamshin gasasshiyar masara, mu kuwa ba mu da ko loma. Muka taka har sansanin Ingila da ke kusa da babban ruwa. Hunturun shekarar, barewa ma a tsaye take mutuwa. Uwata ta fito da iri a ɗaure a ƙugunta. Ɗana na fari ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe, ita tana zaune a kan irin nan. Na roƙe ta, na zage ta, ta ƙi kwancewa. Ya mutu kafin ƙanƙara ta narke. Ban ƙara yi mata magana mai daɗi ba har ta bar duniya." Ta ɗaga haɓa ta nuna azara. "Jikokin wancan irin ne kake ta kallo."

Keziah ta sunkuyar da kai.

"Ku naku fa?" in ji tsohuwar.

"Mun cinye," in ji Asahel.

"Na sani. Shi ya sa ba a ba namiji ajiyar iri."

Tsohon ya juya hularsa a hannu. "Ban zo neman gafara ba, Iya. Ba ni da bakin nema. Yara ne a gida, kuma ɗana zai kwashe su ya yi yamma in ba a samu abin shukawa ba."

"Ko ka nema ba ni da ita. Ba tawa ba ce ni kaɗai, masu ita suna ƙarƙashin ƙasa." Ta juya ga Keziah. "Ke, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu, Iya. Ƙaramar ba ta daɗe da fara tafiya ba."

"Tana kuka da daddare?"

"Ta daina," in ji Keziah, sai hawaye suka zubo mata.

Tsohuwar ta daɗe tana dubanta. Sannan ta yi wa wata jikarta magana da harshensu, yarinyar ta hau kututture ta sauko da kitson masara biyu. Asahel ya miƙa hannu, tsohuwar ta ɗaga sandarta ta tare shi.

"Ba kai ba. Ita na ba."

Keziah ta karɓa ta rungume kamar jariri. Tsohuwar ta shiga koya mata: a tara ƙasa tudu-tudu, kada a bi layi irin na fararen fata, a haɗa da wake da kabewa, in an girbe a zaɓi goyon da ya fi kyau a kitse a rataye inda hayaƙi ke kaiwa, kuma ko sama za ta faɗo kada a taɓa shi. Ta karɓi gishirin, ta shafa bargon ta yaba saƙar, ta karɓa.

"Gatarin ku koma da shi," ta ce.

A bakin ƙofa Asahel ya tsaya. "Iya, Lidiya ba sunanki ba ne. Ina so in san na gaskiyar."

Ta faɗa masa. Suna ne dogo, rabinsa ta hanci yake fita. Ya gwada, jikokin suka ƙyalƙyale da dariya. Ya sake gwadawa, ya fi na farko lalacewa, har ita ma tsohuwar ta murmusa.

"Bar shi haka, tsoho, kada shi ma ka karya shi."

A hanyar komawa ya yi ta maimaita sunan a ransa, yana motsa leɓe, har suka ƙetare kogi. Da suka isa, Rufus ya dubi abin da matarsa ke rungume da shi, ya dubi ubansa. Ya wuce rumfa ya ɗauko fartanya.

Masarar ta fito gajera, har maƙwabta suna tsayawa bakin shinge suna tambaya ko ciyawa Munson ya koma nomawa. Amma ta nuna tun ta kowa na fitar da gemu, sanyin kaka ya zo ya tarar an riga an girbe. Maganar Ohio ta mutu. Keziah ta kitsa iri ta rataye, ba ta bari ko mijinta ya miƙa hannu wurin. Waɗanda suka yi dariya su ne suka fara zuwa roƙo, kuma kafin 'yan shekaru masarar ta cika kwarin. Da yake daga gidan ta fito, kowa sai ya ce masarar Munson.

Asahel bai taɓa jin sunan ya ƙyale ba. A wurin niƙa, a bakin coci, duk wanda ya faɗa sai ya gyara masa. Ya yi ta niyyar komawa ƙetare, ƙafa na hana shi. Shekarar da ya matsa wa Rufus ya kai shi, suka tarar tsohuwar ta rasu, an sayar da ƙasar garin, mutanen sun kwashe sun yi yamma. Wani baƙo na kiwon tumaki inda bukkarta take.

A lokacin kakarsa ta ƙarshe a duniya, yana zaune bakin ƙofa yana shan hantsi, wani saurayi sabon zuwa ya tsayar da kekensa, ya cire hula.

"Sannu da hutawa, Baba. Kai ne Munson mai masara? An ce in ina son amfanin da sanyi ba ya riska, in zo nan."

"Ba tawa ba ce, yaro. Ta wata tsohuwa ce, Baseneca, a ƙetaren kogi. Uwarta ce ta tsirar da irin."

"Allah sarki. Ya sunanta?"

Tsohon ya buɗe baki. Ya kama farkon sunan, ko abin da yake zaton shi ne farkon, sauran ya ƙi zuwa. Ya sake gwadawa a hankali, ya ji da kunnensa ba shi ba ne. Ya waiga ya dubi Keziah da ke tsaye da kwando, ta girgiza kai.

Saurayin ya jira gwargwadon ladabi, sannan ya mayar da hularsa, ya juya ga Keziah.

"To, Inna, a ɗan taimaka mini da ta Munson ɗin."

Keziah ta shiga ciki ɗaukowa. Tsohon ya ci gaba da motsa leɓe.