Lambobin Kawu Tawiah

Maame Araba ce ta yanke hukuncin, tana tsaye gaban murhun bandarta tana juya kifi, ko kallon ƙanenta ba ta yi ba.

"Kobina, sau biyu ke nan a wata guda kana goga mini cikin jirgi a duwatsun bakin mashiga. Idonka ya tafi, duk Elmina an sani, kai kaɗai ne ba a gaya wa ba. Kafin kifin Agusta ya shigo, ko ka sa wa akwatin nan naka taswira mai nuna dutse, ko ka sauka in ba mijin 'yata sitiyari."

Kobina Bentum, wanda gari ke kira Egya Bentum, wato Baba Bentum, mutum ne da in ya yi gyaran murya a teku ma'aikata sha biyu ke shiga taitayinsu. A gaban yayarsa mai jirgin kuwa sai ya koma ɗan shekara bakwai. Ya ce, "To, Yaya."

Ni ne Ekow Arhin, mai kula da injin jirgin. Tare muka tashi da Bentum, tare muka koyi iyo. Ni ma na taɓa zama kyaftin a wani jirgin, na yi shekara uku ina dawowa da komar da ba ta da nauyi, mai jirgi ya sauke ni, Bentum ya ɗauke ni. Saboda haka na san ɗacin saukar nan, kuma ban so masa ita ba.

Akwatin da Maame Araba ke nufi tsohuwar na'urar nuna hanya ce da Bentum ya gada wajen kawunsa Tawiah shekara sha ɗaya da suka wuce. Fuskarta ta dushe, maɓallanta sai an danna da ƙarfi kamar ana kashe kaska. Ba ta taɓa samun taswira ba. Ɗigo kawai take nunawa a kan fili, da kibiya. Amma a cikinta akwai wuraren kifin da Kawu Tawiah ya tara tsawon rayuwarsa, kowanne da lambarsa da sunan da tsohon ya raɗa masa: Tukunyar Araba, Bakin Surukata, Fasto Bai Sani Ba, Mai Leƙe Ya Kwana da Yunwa. Bentum bai ƙara ko ɗaya ba, ya ce abin da Kawu bai gani ba babu shi. Kullum tana lulluɓe da tawul, in zai buɗe ta kowa sai ya juya baya. Arba'in da uku ne wuraren. Kada ka tambaye ni yadda aka yi na sani tukuna.

Talata ba a shiga teku, don haka ranar Talata muka hau mota zuwa Takoradi, na'urar tana cinyar Bentum cikin tawul kamar jaririya. Mai shagon kayan jirgi, Ato Essilfie, wani mai tumbi ne da bakinsa ba ya hutawa. Ya buɗe tawul ya jujjuya na'urar a hannu.

"Egya, wannan ai ta girme ni a sana'a. Me zai hana ka sayi sabuwa?"

"Kai ka sayi sabuwar uwa da taka ta tsufa?"

Ato ya haɗiye wannan, ya shiga bayani. Taswira a kati take zuwa. Katin yanzu bai fi farce ba, ita kuwa wannan mai kauri take ci, irin wanda aka daina yi tuntuni. Cikinta kuma ƙarami ne, in an ba ta kati mai ɗauke da ƙasashe da yawa sai ta ƙware. Sai dai a nemo tsoho daga Turai, na yankinmu kaɗai.

"A'a. Afirka gaba ɗaya nake so," in ji Bentum.

"Ina za ka, Egya?"

"Ba inda za ni. Amma in sani."

Aka yi yadda ya so. Bayan sati biyu katin Afirka ya iso, aka cusa mata. Ta yi haske, ta yi tunani, ta yi wani ɗan kuka, ta mutu. Sai da Ato ya zare katin ya yi mata fifita da kwali kafin ta farfaɗo. Bentum ya ce ai dama tun a hanya ya ga ba ta son katin.

Na biyu Ato ya rantse daidai cikinta ne, na Tekun Gini kawai. Ta karɓa lafiya, amma ɗigonmu ya fito a kan fili fetal, ba gaɓa ba dutse. Muka yi ta tura hoton gabas, har yatsan Ato ya gaji, can sai ga tsibirai da sunayen da ba wanda ya iya furtawa.

Ato ya duba bayan kwalin, ya sosa ƙeya. "Egya, wanda ya aiko ne ya yi kuskure. Wannan wata Ginin ce, can bayan duniya."

"Gini nawa ce a duniya?"

"Huɗu."

"Sunaye ne suka ƙare musu?"

Kwana na tafiya. Mijin 'yar Maame Araba ya fara zuwa bakin ruwa da yamma yana shafa gefen jirgin, yana tambayata lafiyar inji da wata murya irin ta mai gida. Bentum ya daina cin dokununsa, tuwon masarar nan, duka, yana barin rabi a ganye. Wallahi ya ba ni tausayi.

Saura kwana tara Agusta ta kama, Ato ya zo Elmina da kansa da kati na uku. Talata ce, jirage duk suna ɗaure a tafki, masunta na zaune suna ɗinkin koma, ba su da aikin da ya fi kallo. Kafin a haɗa waya mutane sun cika jirgin har yana jirkicewa.

Aka kunna. Sai ga gaɓarmu ta fito sak: ga gada, ga mashiga, ga duwatsun nan biyu da suka ci wa Bentum mutunci, kowanne da alamarsa. Aka fara tafi. Wani tsoho mai suna Egya Amissah, wanda idonsa bai tafi ko'ina ba, ya matso ya ce, "To mu muna ina?"

Ato ya nemo ɗigon. Ba ya cikin tafki. Yana can kan tudu, arewa da gari, a tsakiyar wasu ƙananan gicciye da aka jera.

"Mene ne waɗannan?" in ji Bentum, yana gyara tabarau.

Ato ya yi ƙasa da murya. "Alamar maƙabarta ce, Egya."

Ban taɓa ganin jirgi ya yi sauƙi da sauri haka ba. Mutane suka riƙa tuna cewa sun bar abu a wuta. Ma'aikatanmu biyu suka sauka, suka tsaya nesa suna kallon jirgin kamar ba su san shi ba. Aka kira Maame Araba, ta zo tana goge hannu a zane, ta leƙa, ta dubi ƙanenta.

"Kobina, ni cewa na yi ka sauka daga jirgi. Ban ce ka sauka har can ba."

Bentum ya juya kan Ato, ya ce katinsa maƙaryaci ne, shi da wanda ya zana shi da wanda ya aiko shi. Ato ya ciro wayarsa ya nuna: waya ta ce muna cikin tafki. "Kati bai yi ƙarya ba, Egya. Na'urarka ce ba ta san inda take ba."

"Shekara sha ɗaya tana kai ni kan kifi ba ta taɓa kuskure ba."

Ato ya duƙufa yana danne-danne, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ya tsaya, ya ciro biro ya rubuta wani abu a tafin hannunsa. "Wa ya taɓa shiga nan?"

"Ba kowa sai Kawu."

"To Kawu ya koya mata ƙarya. An gaya mata duk inda take ta ƙara rabin mil wajen arewa. Da ƙaryar take ajiye wuri, da ita take komawa, shi ya sa kai take kai ka daidai. Amma duk wanda ya kwafi lambobin ya zuba a wata na'urar, rabin mil zai faɗa wajen tudu."

Egya Amissah ya fara dariya har yana riƙe igiya. "Tawiah ke nan. Yana kabari yana tsaron kayansa."

Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na nemi bokiti na zauna.

Ato ya so ya share ƙaryar, maɓallin ya ƙi. Ya danna, ya sake dannawa, ya ce bari ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kafin wani ya tambayi ma'anar haka ya riga ya yi. Na'urar ta ɗauke, ta dawo, sai ga ɗigonmu tsulum cikin tafki, gefen gada, inda muke. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa suna cewa dama sun san ba komai.

Bentum ya ce kowa ya juya baya. Muka juya. Na ji yana dannawa, ya daɗe yana dannawa.

"Ato," in ji shi a hankali, "ina Tukunyar Araba?"

Babu. Babu Bakin Surukata, babu Fasto, babu ko ɗaya. Na'urar ta koma gaskiya, ta manta duk abin da ta sani. Bentum bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya zauna a kan komar da aka naɗe. Yanzu zai wuce duwatsu lafiya, ya fita teku bai san inda za shi ba, kuma kyaftin da ba ya kawo kifi a Agusta ba ya ganin Satumba a kan sitiyari.

Na tashi daga kan bokitin na tafi gida. Tsakanin bakin ruwa da gidana bai fi tafiyar minti biyar ba, amma sau uku ina tsayawa. Na dawo da littafin waƙoƙin cocina, na buɗe bangon baya na miƙa wa Bentum. Layi arba'in da uku, da rubutuna, tawada ta fara ja.

"Ranar jana'izar Kawu," na ce. "Gari duk yana can. Na hau jirgin na ɗaga tawul."

Ya mayar da tabarau ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Ina jiran ya jefa ni ruwa, kuma da ya yi ba zan ce ya zalunce ni ba.

"Ekow, ai na sani."

"Ka sani?"

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Shekara uku, duk inda na je sai in hango ka wajen tudu, rabin mil, ba ka gaba ba ka baya. Lokacin idona garau yake. Na ce wa kaina, ya dai sata, amma kunya ta hana shi matsowa, ya gwammace ya wanke komarsa a kan yashi da ya ci a kwanona. Shi ya sa da aka sauke ka na ɗauke ka. Ɓarawo mai kunya ba a barinsa da yunwa."

Da ina da wayo da na yi shiru. Amma mutum ya riƙe ka shekara takwas a kan kirkin da ba ka yi ba, abin ya fi satar nauyi.

"Ba kunya ba ce, Kobina. Na ɗauka ni ne a kan kifin. Na ɗauka ka gan ni ne kake kaucewa don ka ɓad da sawu. Dariya nake maka."

"Ina cika jirgi kana gani."

"Na ce sa'a ce."

Ya waiwaya ya ga yayarsa tana can tana yi wa Ato wankin babban bargo, ya matso kusa da kunnena.

"To kar ka gaya wa Yaya wannan. Bar shi a kunyar."

Ya ƙwace Ato daga hannunta, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya wanke tafin hannun nan, ya zaunar da shi da biro don ya riƙa rage rabin mil daga kowace lamba. Ya sallami sauran mutane. Ni ma na juya baya, bisa al'ada.

"Ina za ka? Zauna nan ka karanto." Ya cire tawul ɗin gaba ɗaya ya shimfiɗa mini a kan benci, gaban na'urar. "Fara daga na ɗaya."

Na zauna. Na sa yatsa a layin farko, wanda na shekara sha ɗaya ina ɗauka suna ne kawai irin na tsofaffi.

"Mai Leƙe Ya Kwana da Yunwa," na karanta.

Bentum ya cire tabarau, ya yi dariya har hawaye, ni kuma na ci gaba da karanto lambar.