Layar Safiyanu

"Koma baya layi biyu, Malama. Ki karanta har da waƙafi."

Na gyara zaman tabarau a hancina na koma. Kalmomin Turanci ne guntu-guntu, da baka, da alamar daidai, kamar lissafin da aka kwashe wa lambobi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a sakandare a nan Makarfi, ban taɓa zaton a tsufana zan zauna a kujerar roba a ɗakin maƙwabci ina karanta wa makaho abin da ni kaina ban gane ba.

"Tsaya nan," in ji Safiyanu. Yana kwance a katifa, ƙafafunsa a kumbure kan matashi. "Kin ji? Tsarin nan yana karɓar saƙon tukuna, sannan ya tambayi tsawonsa. Kamata ya yi ya tambaya kafin ya miƙa hannu."

"Wane marar kai ne ya rubuta wannan?"

"Ɗalibinki." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara tara ke nan. Ni kaɗai na rubuta, ni kaɗai na duba, na tura."

Safiyanu ta hannuna ya bi, aji uku zuwa aji shida. Daga baya ya gina gida jikin katangata, muka zama maƙwabta. Aikinsa kuwa, sai da ciwon suga ya cinye masa idanu ya rasa mai karanta masa allo, sannan na san ko mene ne. Ya ce akwai manyan kwamfutoci a ɗakunan sanyi a ƙasashe barkatai, na asibiti, na jami'a, na masu tura ruwan famfo, waɗanda ba mai zama a gabansu. Mai kula da su daga nesa yake shiga. Manhajar da Safiyanu ke gyarawa ita ce mai gadin ƙofar: ta tambayi mai sallama shaidarsa, ta kuma rufe zancensu kada wani ya kasa kunne a hanya. Kyauta kowa ke ɗaukarta. Su biyar suka fara, sauran suka watse da aure da aiki da gajiya, ya rage shi da wata Mukarrama, 'yar Hunkuyi da ke aiki a Kaduna.

A unguwa kuwa an daɗe da yanke masa hukunci. Wasu sun ce damfara yake yi, wasu sun ce hasken allo ne ya ƙona masa ido. Na ce da su mahaifiyarsa ma suga ce ta makantar da ita, ita kuma ko agogo mai haske ba ta taɓa mallaka ba. Suka ce Malama Mairama dai ba ta rasa gardama. Yayansa Ashafa, mai sayar da taki a bakin tasha, ya bi maganar mutane, ya ce a fitar da na'urar, wato kwamfutar Safiyanu, daga ɗakin marar lafiya. Shi ya sa ta koma wurina. Ina da sola, in yi mata caji, da hantsi in saka ta a jakar da nake zuwa Islamiyya da ita in zagayo.

Ɓarakar da ya gano a rubutunsa na dā ba ƙarama ba ce. Ya ce wanda ya san da ita zai iya shiga ba tare da an tambaye shi komai ba. Sati biyu muka yi muna yin faci, yana faɗa ina bugawa da yatsa biyu, masu dubiya suna katse mu. In an yi sallama sai in rufe na'urar in tura ƙarƙashin mayafi.

"Ya jiki, Malam Safiyanu? Ya ƙarfin jiki? An ɗan samu barci? Ya haƙuri?"

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, da murya mai sanyi, har su tashi. Suna fita sai ya ce, "Muna layi na ɗari biyu da sha huɗu." Bai taɓa ɓata ba.

Ranar Litinin muka gama. Na ce to sai a tura.

"Ba a turawa sai mutum na biyu ya duba."

"Wa ya ce?"

"Ni na kafa dokar, bayan irin wancan kuskuren. Mukarrama na dubawa. In ta ce ya yi, in sa hannu."

"Safiyanu, ka dubi ƙafafunka. Ka sa hannu yau, ta duba gobe."

"Haka na ce shekara tara da suka wuce, Malama."

Sa hannun nasa ba da biro ba ne. Ya zura hannu cikin wuyan rigarsa ya jawo wata igiya, a jikinta akwai ɗan abu kamar tsawon ɗan yatsa, an ɗinke shi da jar fata. Ya zare murfin fatar, sai ga harshen ƙarfe irin wanda ake sokawa a gefen kwamfuta. Ya ce wannan ne mabuɗin. Dubban kwamfutoci suna ɗaukar gyara da kansu ba sai an tashe su ba, amma ba sa yarda da gyaran da ba wannan mabuɗin ne ya sa masa hannu ba. Robar jikinsa ce ta tsage, matarsa Suwaiba ta kai wa baduku a kasuwa ya yi masa riga.

"Guda nawa ne?"

"Biyu ne. Ɗayan ruwa ya ci shi shekarar da ɗakin baya ya faɗi."

"Kana gadin ƙofofin duniya da mabuɗi ɗaya? Da a aji ne da ka sha bulala."

"Ran Juma'a Mukarrama za ta zo ta karɓa hannu da hannu. Ba abin da ake ba direba saƙo ba ne." Ya mayar da shi cikin riga. Ko 'yan'uwansa bai taɓa nuna wa ba, ya ce haka aikin yake, ba a faɗin inda mabuɗi ke kwana. Sannan ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "In wani abu ya faru kafin Juma'a, ki cire shi daga wuyana. Ke da kanki, nan take. Kin yi alkawari?"

Na ce ya daina zancen banza. Ya ce ba amsa ba ce wannan. Na ce na yi.

Laraba da hantsi na shiga da kunun gyaɗa marar sukari. An kwana ana ruwa, tsakar gidan duk taɓo, Suwaiba na kwashe ruwa da tsintsiya. Ya ƙi kunun. Ya ce in duba ko Mukarrama ta amsa. Ba ta amsa ba. Ya ce to mu shirya komai, ya faɗa mini umarnin sa hannu harafi-harafi, na buga, na danna. Allon ya rubuta layi ɗaya: a saka mabuɗi. Ɗan farin sandan nan na ƙarshen layi ya tsaya yana ƙiftawa.

"Bar shi haka," ya ce. "Tana amsawa sai mu soka."

Ya nemi in gyara masa matashi. Ina gyarawa na ji numfashinsa ya sauya. Na ga irinsa a wurin mijina, na ga irinsa a wurin 'ya'yana biyu, ba na bukatar likita ya fassara mini. Na kira Suwaiba, na shiga karanta masa kalmar shahada a kunne, leɓɓansa suna bi. Bai daɗe ba.

Kukan Suwaiba ya jawo matan unguwa. Kafin in miƙe ɗakin ya cika, Zulai mai ƙosai a gaba, hannunta duk ƙullu. Igiyar tana nan a gefen wuyansa, baƙa, ta ɗan fito daga riga. Tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba.

Dole in faɗi wani abu a nan. Shekarun baya wani jariri ya rasu a layinmu kwana biyu bayan na ɗauke shi na yi masa wasa. Tsohuwa ce ni, ni kaɗai a gida, ba ɗa a raye, ga baki. An yi raɗa. Na ji, na yi dariya, na ce ƙyanda ce kuma an ƙi kai shi riga-kafi, na faɗa a gaban kowa. Na ɗauka abin ya wuce ta kaina bai taɓa ni ba. Ran nan, da na ga idon Zulai a kan hannuna, sai na hango abin da za ta gani: Mairama ta sunkuya kan gawa da ɗuminta, tana cire laya daga wuyanta tana turawa cikin zane. Hannuna ya ƙi tashi. Na ce a raina zan gaya wa Ashafa in ya zo, ai magana ɗaya ce. Na rufe na'urar, na saka a jakata na fito.

Ashafa ya zo da maza, suka shige, aka kori mata zuwa ɗakin Suwaiba. Na aika a kira mini shi, aka ce yana wurin wanka. Na sake aikawa, aka ce sun fita da makara. Ina zaune cikin mata na ji wayar Safiyanu, da nake riƙe masa tare da na'urar, ta yi ƙara a jakata. Saƙon Mukarrama ne. "Na duba sau uku, Malam. Babu kuskure. Sa hannu."

Bayan azahar, da suka dawo daga maƙabarta, Ashafa da kansa ya nemo ni a zaure. Ƙafafunsa jar ƙasa har ƙauri. Ya durƙusa, muka yi wa juna gaisuwar rashi, sannan ya rage murya.

"Malama, ke ce kika fi zama da shi, shi ya sa zan gaya miki. Na samu abu a wuyansa."

"Yana ina?"

"Ba wanda ya gani sai ni. Na riga kowa cire masa riga." Hawaye na bin gemunsa. "Yaron nan da hannuna na kai shi makarantar allo. Ciwo ne, Malama, ciwo na sa mutum ya kama abin da bai kamata ba. Ban buɗe ba, ba na son in san wa ya rubuta masa. Na jefa a murhun da aka ɗora ruwan wanka, na tsaya har ya cinye. Kada Suwaiba ta ji. A bar shi ya tafi da mutuncinsa."

Ni da ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba, na dube shi. Mutum ne da ya rufa wa ƙaninsa asiri da iyakar abin da ya sani. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya jiƙansa."

"Amin, Malama. Amin."

Mukarrama ta zo ran Juma'a kamar yadda aka yi, sai dai ta tarar da sadakar uku. Doguwa ce, da jakar goyo a kan hijabi. Na ja ta gidana na gaya mata komai, har da idon Zulai. Ta wuce kai tsaye zuwa zancen facin, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Facin yana nan, Mama, zan fitar da shi yau. Zan yi sabon mabuɗi. Waɗanda ke kula da injinansu za su ga sanarwa su sauya da hannu."

"Waɗanda ba a kula da su fa?"

"Su sa hannun Malam suke jira. Ba za su karɓi nawa ba, shi ya koya musu haka." Ta murza idonta. "Kuma da na fitar da facin, masu neman ɓaraka za su karanta su gane inda take."

"Guda nawa ne?"

"Injinan? Ba wanda ya sani. Wani ya kafa inji a asibitin wani gari shekara shida da suka wuce, ya sauya aiki, injin na nan yana yi. Irin waɗannan."

Tun ran nan ba na wuce ƙofa a buɗe ban tsaya ba. In na ji a rediyo an ce na'urorin wani wuri sun tsaya, sai in rage murya in zauna. Na tambayi Mukarrama a waya sau biyu ko ɓarakarmu ce, ta ce ba ta jin haka, ta ce in daina sauraron rediyo. Ashafa yana gaishe ni da girmamawa fiye da dā, kamar waɗanda suka haɗa sirri.

Washegarin sadakar uku, kafin a kwashe toka, na shiga gidan na ce wa Suwaiba ina son toka don miyar kuka. Na kwashe ta murhun baya duka a kwano, na kawo gida na tankaɗe da rariya. Na samu ƙusa biyu, da murfin kwalba, da ɗan harshen ƙarfe, baƙi ƙirin, bayansa a narke kamar ƙaro. Na goge shi da gefen zane na soka a gefen na'urar. Na san lissafin abin, na san ba zai yi ba. Na soka duk da haka.

Suwaiba ta ce in riƙe na'urar har a yi rabon gado. Ban kashe ta ba. Tana kan teburin da nake duba jarrabawar yara a dā, waya na bin taga zuwa sola. Da hantsi, lokacin da nakan zagaya, sai in ɗaga murfin. Layin na nan yadda muka bar shi ran Laraba, a saka mabuɗi, ɗan farin sandan yana ƙiftawa a ƙarshensa. Ta bayan katanga ina jin tsintsiyar Suwaiba a tsakar gida.