Murfin Auta

Tun da Auta ta fara aiki a kamfanin madara, firijin Inna bai ƙara zama fayau ba. Duk ƙarshen mako sai ta shigo da 'yan goruna a leda, ta jera su, ta ce, "Inna, ki riƙa sha, ƙashinki na so." Inna kuwa tana sha, har ta miƙa wa maƙwabciyarta, wata tsohuwar tela da ake kira Mai Keke.

Sabon murfi ne ya kawo damuwar. Wasu marasa tsoron Allah sun shiga tsince gorunan kamfanin da aka zubar, su ɗura madarar da suka tsinka da ruwa, su rufe su sayar. Auta ce ta kawo shawarar murfin da sai an danna da ƙarfi kafin a murɗa, kuma da ya buɗu wani zobe a wuyansa zai tsinke, kowa ya gani. Shugabanninta suka yaba, suka ba ta ofis nata ita kaɗai, mai taga. Ranar da ta kawo gorunan farko gida, da kanta ta buɗe ɗaya a gaban Inna, ƙas, bakinta har kunne.

Da ta tafi, Inna ta ɗauki ɗaya. Ta danna, ta murɗa. Yatsun nan da suka ƙare ƙuruciyarsu a wanki da guga, sanyin ƙashi ya riga ya tanƙware su, murfin kuwa ko gezau. Ta sa tsumma, ta sa haƙori. Daga ƙarshe ta yafa mayafi ta leƙa maƙwabta.

"Ke da kika yi rabin rayuwarki kina murza keke, buɗe mini wannan."

Mai Keke ta matse gorar a cinya, ta yi nishi, ta dawo mata da ita. "Wannan murfi ne ko ƙofar banki? Ki gaya wa 'yarki mana."

"In ce mata me? Yarinya ta samu ofis mai taga, ni kuma in tsaya a gabanta in ce abin da ta ƙera ya fi ƙarfin uwarta?"

"To sai ki yi ta kallon madara kamar hoto."

Ba ta yi ta kallo ba. Wuƙa ta riƙa sawa tana huda kafaɗar gorar, ta tsiyaye a kofi, ta cusa fankon can ƙasan kwandon shara. Auta ta ga firiji na raguwa, ta ji daɗi.

Ana nan sai ga Auta da sabon labari. Za a yi tallar murfin a talabijin, kuma manaja ya ce ba ya son 'yar wasa, uwa ta gaske yake so.

"Ba abin da za ki yi, Inna. Ki buɗe, ki zuba, ki yi murmushi. Shi ke nan."

Maganar ta zo wa Inna har baki. Sai ta ga yadda idon yarinyar ke ƙyalli, ta haɗiye. "Allah ya kai mu," ta ce.

Daga ranar, kullum da safe sai ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi, ta shafa man zafi, ta zauna da gora a gaba kamar mai koyon karatu. Sau ɗaya murfin ya yi kamar zai motsa. Ta wuni tana jin daɗin wannan.

Ranar ɗaukar tallar, inda aka kai ta wani ƙaton ɗaki ne da aka gina kicin a tsakiyarsa. Tukwanen ciki ba su taɓa ganin wuta ba, tagar kuwa zanen sararin sama aka manna a bayanta. Mai kwalliya ta shafa mata hoda. Darakta, wani mai ƙiba da hula a karkace, ya zaunar da ita a gaban tebur, aka kunna fitilu masu zafi. Can baya manaja yana tsaye ya harɗe hannuwa, Auta na gefensa.

"Mama, ki yi kamar kina gida. Mu je!"

Inna ta yi bisimilla a zuci. Ta danna, ta murɗa, tana murmushi kamar yadda aka ce. Murfin bai motsa ba.

"A sake."

Ta sake. Zufa ta keto ta cikin hodar, mai kwalliya ta zo ta goge. Ta kuma sakewa har gorar ta suɓuce ta mirgina ƙasa.

Darakta ya yi dariya. "Ba komai, Mama, ai mu kullum haka muke yi. A sassauta mata murfin, a juya zoben baya. Kyamara ba ta da ido a ƙeya."

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Inna. Ashe akwai mafita, ashe asiri zai rufu. Amma kafin kowa ya motsa, Auta ta riga ta iso. Ta durƙusa, kuma ba gorar ta ɗauka ba, hannun Inna ta kama. Ta juya shi a hankali. Ga shatin murfi ja a tafin, ga gaɓoɓin a kumbure, ga wani yanka a babban yatsa da bai gama warkewa ba.

"Inna, tun yaushe?"

"Fitilun nan ne, sun sa hannuna gumi."

"Wannan yankan fa?"

"Albasa."

"Ke da kike yanka albasa kina kallon talabijin?"

Inna ta kau da kai. Auta ta miƙe ta fuskanci manaja.

"Ranka ya daɗe, a dakata da tallar. A ofis muka gwada murfin nan, mu ya mu, duk matasa. Ban kai wa tsoho ko ɗaya ba."

"Kin san an riga an buga allunan talla?" in ji manaja.

"Na sani."

"Ɗana, kada ka biye mata," Inna ta yi wuf ta ce. "A sassauta mini kawai, murmushin ai na iya."

Manaja ya dubi uwar, ya dubi 'yar. "Ki same ni a ofis," ya ce da Auta. Aka kashe fitilu.

An ɗage tallar. Ofis mai taga kuma aka ba wani, Auta ta koma babban ɗaki cikin sauran ma'aikata. Da Inna ta ji, ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Bayan wasu makonni Auta ta shigo da jaka, ta zazzage a kan tabarma. Goruna ne, kowace da irin murfinta: mai faɗi, mai gurzu-gurzu, mai 'yan kunnuwa.

"Manaja ya ce in gyara abin da na ɓata. Kira Mai Keke, aiki na kawo muku."

Mai Keke ta shigo tana gyara tabarau. "Mu ne injiniyoyin yanzu? To Allah ya sa ba da godiya za a sallame mu ba."

Suka yi ta gwadawa, Auta na kallon yatsunsu. Wannan ya ƙi, wancan ya ci wa Mai Keke farce ta zage shi tas. Da Inna ta zo kan mai kunnuwan, ta sa gefen tafinta ta tura. Ƙas. Zoben ya tsinke.

Ta daɗe tana kallon murfin a hannunta.

"Tagar fa?" ta ce a hankali.

"Rana ce kawai ke dukana ta wajen, Inna."

Inna ba ta yarda ba, amma ba ta ja maganar ba. Ta tsiyaya madarar a kofi, ta tura wa Auta, ta miƙa hannu ta jawo wata gorar mai kunnuwa.