Biju Ba Ta da Hoto

Tanti Odet ta dire jakarta a kan teburin Sedirik tana haki. Ta sha cunkoso a bas tun daga unguwar Yofugon, ga kuma ofishin ƙungiyarsu a hawa na uku.

"Na kawo sunan Biju," ta ce. "A sa ta a bangon."

Ranar Asabar matasan ƙungiyar za su yi taron tunawa da nasu da suka rasu, a liƙa hoton kowa a bango. Sedirik ne ke haɗa hotunan, ƙarfe huɗu zai kai wa mai bugawa.

"Sannu da zuwa, Tanti. Cikakken suna fa? Na katin ɗan ƙasa."

"Ke, wa ya taɓa kiranta da na kati?"

"Tanti, na sha roƙonki ki daina ce min ke. Ni namiji ne, maza nake so, shi ke nan."

Odet ta ja tsaki. Ita ma ai a kati Kwadiyo ce, namiji, amma shekara arba'in ke nan ba mai kiranta haka a Abijan sai a asibiti. A zamaninsu duk wubi suke kiran kansu, wato 'yan daudu, wannan ƙawa, waccan uwa, magana ta ƙare. Yaran yanzu kuwa kowa da gidansa a takarda, sai ka ce masu neman biza.

Sedirik ya jawo takarda. "To wane gida zan cike mata? Namiji mai son maza, ko mace a jikin namiji?"

"Rubuta mai suyar ayaba a Tireshbil, wadda ta yi jinyar rabin mutanen bangon nan naka lokacin da ciwo ya kwantar da su, dangi suka gudu."

"Babu gidan wannan, Tanti. A bar shi. Kawo hoton."

Ta zaro wani ƙyallen atamfa, shuɗi mai zanen kifi, ta shimfiɗa a gabansa. Ankon jana'izar Biju ne. Sun ɗinka, sun sa, sun tsaya a bayan katangar maƙabarta, don dangi sun ce kada su kuskura a gan su.

"Tanti, wannan ai ƙyalle ne. Shekara goma sha tara kuna ɗaki ɗaya, a ce ko hoto ɗaya babu?"

"Ni na ƙona su."

Haka ake yi a da. In wata ta rasu, ƙawarta ta kusa ita ke riƙe da makulli, sai ta riga dangi shiga ɗaki. Ta kwashe gashin kanti, da zannuwa, da takalma masu tsini, da hotuna, ta cinna musu wuta. Sharar ɗaki suke ce masa, kuma ba kowa ake ba wannan amana ba.

Sedirik ya sunkuyar da kai. "Da hannunku kuka share tarihinmu."

"Tarihi? Ranar nan uwarta na kan hanya daga garin Dalowa, tsohuwa mai hawan jini. So kake ta buɗe akwati ta ga ɗanta da jan baki? Kun samu ofis da fanka, kun zauna kuna yi mana hisabi."

"Ki yi haƙuri. Zan karanta sunanta da bakina ranar taro. Amma bango, sai mai hoto."

Odet ta janye ƙyallenta. Ba yaron ne ya fi ƙona mata rai ba. Shekara biyu ke nan tana lalubar fuskar Biju a ranta, ba ta samun komai sai wushirya da dariya.

Ta naɗe ƙyallen, ta nufi ƙofa, sai ta tsaya. Cikin ƙawayenta babu sauran wadda za ta share mata ɗaki. Ta kwance makulli daga haɓar zaninta, ta dawo ta ajiye masa a kan tebur.

"Ranar da ka ji labarina, ka riga dangina shiga."

Sedirik ya dubi makullin, ya dube ta. "In ƙona?"

"Ƙona mana. Ina da ƙanne masu bakin tsiya." Ta rataya jakarta, ta gyara ɗaurin kallabi. "Akwai wani hotona da na sa jan leshi, yana ƙarƙashin katifa. Ka bar wannan."