Magaryar Bakin Kogo

Damina biyu matan Mindif suka bar gabashin dutse ya huta, ba mai tsinkar magarya a can. Da aka buɗe shi bana, ciwon gwiwa ya hana Ƙaltume hawa, sai ta zauna gida tana jira.

Da la'asar ƙanwarta Mairamu ta sauke kwando a gabanta.

"Yaya, ɗanɗana ki gaya mini ta ina ce."

Ƙaltume ta tauna ɗaya a hankali. "Ta bakin kogo ce. Ashe ta farfaɗo."

"Har rassanta na taɓa ƙasa. Na sama mun bar wa birai."

Ƙaltume ta yi dariya, ta ce a kawo mata turmi. Daga zaune ta dake magaryar duka, ba ta bari kowa ya karɓe ta ba.